Yadda Ake Alƙalancin Gasar Piyano Daga Gidan Abinci

Maestro Leovigildo Arbeláez, ƙarya kake yi, kuma ka san na sani. Jikata Nohemí ba ɗalibarka ba ce. Ko yadda ake ɗaga murfin piyano ba ka taɓa nuna mata ba. Riƙe wannan tukuna, zan dawo kanka.

Kai kuma mai karatu, matso. Sunana Tránsito Guarnizo. Shekara ashirin da bakwai ke nan ina shara da kai gahawa a babban zauren kiɗa na San Gervasio, inda ake gasar piyano ta duniya duk bayan shekara uku. Ban yi makaranta ba. Maƙwabciyata ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, kuma na gaya mata in ta gyara min baki sai mun ɓata. Amma alƙalan gasa na gan su kala-kala, na share ƙarƙashin kujerunsu, na san abin da suke zubarwa. Idan kana so ka zama ɗayansu, a riƙa ɗora ka a jirgi daga wannan ƙasa zuwa waccan kana yanke wa 'ya'yan mutane hukunci, to bi matakan nan. Ba sa ƙarya. Na ga wanda ya bi su, alƙalin nan da ake kira Maestro, wato babban malamin kiɗa, har yau in ya shigo miƙe masa ake yi.

Mataki na 1: Ci gasa ɗaya da ƙuruciya, ka huta

Ɗaya tak. Ko na uku ka zo ya wadatar, domin bayan shekara arba'in na ɗaya ya mutu, na biyu ya koma koyar da yara a ƙauye, babu mai ƙaryata ka in ka ce “lokacin da na ci gasar”. Ranar ka sa a ɗauke ka hoto, gashi har kafaɗa, ido a sama kamar mai ciwon haƙori. Wannan hoton za a yi ta bugawa har kanka ya koma ƙwarya. Na Maestro ni nake goge shi a bangon zaurenmu. Ranar da na fara ganinsa ido da ido na tambaye shi ko ɗansa ne, ya yi mako bai amsa gaisuwata ba.

Mataki na 2: Daina kaɗawa a gaban jama'a

Mai kaɗawa shi ke kuskure. Wanda ke zaune yana girgiza kai bai taɓa kuskure ba tun da aka halicci duniya.

Amma a hankali za ka janye. Bana ka ce kafaɗa, baɗi ka ce piyanon garin bai kai matsayinka ba. Idan aka matsa maka a wajen liyafa, ɗora yatsu uku, runtse ido, ɗauke hannu kamar ka taɓa garwashi, ka ce abin yana buƙatar gyara. Mai gyaran piyanonmu ya taɓa yin yini biyu yana neman ciwon da babu shi.

Mataki na 3: Tara ɗalibai da abokai

Dokar gasa ta ce alƙali ba ya ba ɗalibinsa maki. Shi ya sa kowane ɗan gasa yake sa hannu a takarda, ya faɗi ko akwai alƙalin da ya taɓa koya masa. Wanda ya ɓoye, waje. Kada wannan ta hana ka barci. Akwai cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: kai ka kula da yaron abokinka a nan, shi ya kula da naka a ƙasarsu, ku haɗu a filin jirgi ku rungumi juna. Kuma ka lura da kyau, doka in za ta faɗo, kan yaro take faɗawa.

Mataki na 4: Yi rowar maki

Ashirin da biyar ne ƙarshen maki. Kai kada ka taɓa wuce sha bakwai. Mai hannun kyauta ana cewa bai san kiɗa ba, marowaci kuwa shi ne mai kunne. Wata 'yar jarida ta taɓa tambayar Maestro dalili, ina tsaye da faranti a hannu, ya ce ashirin na waɗanda suka mutu ne, ashirin da biyar na Allah. Aka yi ta tafi. Ni dai na san ko gahawata sha huɗu zai ba ta, alhali kofi shida yake sha.

Mataki na 5: San amfanin labule

A zagayen farko ana saka labule mai kauri tsakanin alƙalai da mai kaɗawa, don kada a ga fuska a yi son kai. Ba a kiran suna, lamba ake kira. Har darduma ake shimfiɗawa don kada ƙarar takalmi ta nuna mace ce ko namiji. Alƙalai bakwai, kowa a ɗan keɓensa da katako a tsakani, don kada su yi wa juna ido. Kowane keɓe yana da ƙofar baya, wadda mai gahawa ke bi.

Mutanen kirki sun yi labulen don kada ka ga yara. Kai ka tuna yara ma ba sa ganinka.

'Yan gasa sittin ne, kwana huɗu, rabinsu kiɗa iri ɗaya suke yi. Ƙarfe sha ɗaya na safe kuwa Hermelinda mai gidan abinci a tsallaken titi take sauke tukunyar miyarta ta sancocho, ƙamshin kaza da rogo ya shigo har cikin labule. A nan za ka nemi tsohuwa ta riƙe maka kujera, kai ka bi ta ƙofar baya ka je ka ci. Maestro bai taɓa sanin sunana ba, Iya yake ce min.

“Iya, zauna nan. In kiɗa ya tsaya, ki rubuta sha biyar a layin da ke biye. In kin gaji da sha biyar, ki sa sha shida.”

Na ce masa ni fa ban san kan kiɗa ba. Ya ce ai shi ya sa ba zan yi son kai ba. Lamba kam na san ta, wadda ta shekara hamsin tana hawa motar haya ba a koya mata lamba. Gasa uku na yi a kujerar nan, daga sha ɗaya zuwa sha biyu da rabi, ina raba wa 'yan Koriya da 'yan Poland sha biyar-biyar. Ba zan ɓoye ba, kujerar akwai laushi, kuma babu wanda ya taɓa cewa Maestro ya yi kuskure. Har an rubuta a jarida cewa kunnensa bai tsufa ba.

Mataki na 6: Kada ka tambayi tsohuwar ko tana da jika

Nan ne ƙwararren namu ya yi sake, don haka buɗe kunne.

Litinin ɗin nan da ta wuce ya fita kamar kullum, yana goge baki tun kafin ya ci. Na ba lamba ashirin da tara sha biyar, na ba talatin sha shida don ya yi ƙoƙari. Aka kira talatin da ɗaya. Daga sautin farko na san ko wace ce. Yarinyar da na goya bayan uwarta ta rasu, wadda tun tana shekara shida take hawa tsohon piyanon cocinmu ina goge daɓe a bayanta, a ce sai na ga fuskarta? Akwai wani ɗan numfashi da take ja kafin wuri mai wuya, tun tana da giɓi take yin sa. Na ji shi ta cikin labule.

Na san Nohemí ta shiga gasar, ai ni na goge mata riga. Abin da ban sani ba shi ne lambarta, don ba a yarda su faɗa wa kowa ba, ita kuma irin mutanen nan ce masu bin doka har ta ba ka haushi. Shekararta ashirin da tara. Wanda ya haura talatin ba ya shiga, ka ga wannan ce ta ƙarshe.

Ta kaɗa. Ni ban san sunan abin ba, na dai san na manta da ciwon gwiwata. Da ta tsaya na dubi fensir, fensir ya dube ni. In ba jinina sha biyar don wani ƙato yana tsotsar ƙashin kaza? Na rubuta ashirin da biyar, na danna har takardar ta kusa hujewa.

Abin da ke cin raina, sauran alƙalai shida ashirin da ɗaya da ashirin da biyu suka ba ta. Da sha biyar ɗin na sa, da ta wuce abinta salin-alin.

Mataki na 7: In asiri zai tonu, zaɓi laifin manya

Mutumin da bai taɓa wuce sha bakwai ba ya ba da makin Allah, ai dole a kira taro. Shugabar gasar, Dakta Clemencia Pombo, ta tara alƙalai washegari, ni kuma na shiga da gahawa, don mai faranti ba a ganinta.

To ga darasi. Laifi biyu ne a gabanka. Na farko, ka ce ba ka nan, kana tsallaken titi da cokali, mai shara ce ke alƙalanci da sunanka shekara shida. Wannan in ka faɗa, ba sauran jirgi. Na biyu, ka dafa ƙirji, ka sunkuyar da kai, ka ce yarinyar ta zo wajenka darasi sau biyu ko uku a can baya, tsufa ya sa ka manta ba ka sanar ba, da ka ji hannunta sai zuciyar malami ta rinjaye ka.

Na biyun Maestro ya zaɓa. Wata alƙaliya har da share hawaye. Dakta ta ce samun mai amsa laifinsa haka sai an tona, a dai kiyaye gaba. Sannan aka ɗauko takardar da Nohemí ta sa wa hannu cewa babu malaminta a cikin alƙalai, aka ce ta yi ƙarya, aka cire ta, kuma za a aika wa sauran gasanni wasiƙa su san halinta. Shi kuwa har ya fara gaya wa baƙi cewa ɗaya daga cikin ɗalibansa ta girgiza zauren bana.

Mataki na 8: Bar tsohuwa ta faɗi gaskiya

Kada ka hana ta, ba a yarda da ita. Na ajiye faranti na bi Dakta har ofis, na zayyana mata komai, na ce ta dubi biyar ɗina mai kama da ƙugiya ta gwada da tasa. Ta dafa kafaɗata ta ce ta san zafin jika, amma kada in ɗora wa kaina abin da zai raba ni da aikina, in je gida in huta. Hermelinda kuma da na nemi ta yi min shaida, ta ce ita miya take sayarwa, ba ta duba agogo.

A gida na tarar da Nohemí tana ɓare ayaba. Na faɗa mata. Ta ɗago kai, wuƙa a hannu.

“Kaka, ashirin da biyar? Ko satar ma ba ki iya ba. Ɓarawon kirki sha takwas yake sawa.”

Na ce mata ni ba sata na yi ba, abin da na ji na rubuta, kuma in aka sake ba ni fensir haka zan sa. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga nan ta ce ba komai, ai ana ta ɗaura aure a garin nan, ba za a rasa mai neman makaɗiya ba. Ta ci gaba da ɓare ayabarta. Ta ɓare wadda za ta ishi mutum goma, mu biyu ne a gidan.

Gargaɗi

Matakan nan na ba ka su kyauta. In ka bi su ka zama babban mutum, kada ka gode min. In kuma ka bi su wata tsohuwa ta tsare ka a bakin ƙofa da tsintsiya, ba ruwana, ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba. Nawa laifin na ɗauka: na zauna a kujerar da ba tawa ba, na ba jikata abin da ta cancanta da hannun da bai cancanta ba. A kore ni in an ga dama, dama gwiwar ta gaji.

Amma yarinyar ba ta yi ƙarya ba, kuma ba za a aika sunanta duniya da tambarin maƙaryaciya ina numfashi ba. Juma'a ƙarfe goma ake fara zagaye na biyu, ranar babu labule. Zan zauna a layin gaba da rigar coci.

Maestro, na dawo kanka. Ka ce ɗalibarka ce. To, malamin piyano hannu yake kallo kafin fuska. Akwai yatsa ɗaya a hannun Nohemí da ƙofa ta taɓa datsewa ya warke a karkace. Ka miƙe a gaban Dakta Clemencia da alƙalai shida da duk wanda ya sayi tikiti, ka faɗi wane hannu ne, wane yatsa ne. In ka faɗa daidai, ni da kaina zan sauke hularka daga maratayi in miƙa maka, ka fita da mutuncinka. In ka kasa, sai ka gaya musu inda kake ranar Litinin da sha ɗaya da rabi, a mayar wa lamba talatin da ɗaya kujerarta kafin a buɗe piyano. Yatsu goma ne kacal, Maestro. Wanne ne?