Likitan Tana

Allah ya jiƙan aminina, Likitan Tana. Da rasuwarsa ilimin fatsa ya yi babban rashi. Shi da kansa ya sha gaya mana haka tun yana da rai.

Akawu ne da ya yi ritaya. Ranar da ya ajiye biro ya ɗauki sandar fatsa, a ranar ya gano cewa duk masu kama karfasa a bakin tafkinmu jahilai ne. Kifi kawai suke kamawa, ba su san dalili ba. Shi kuwa ya san dalili. Kifin ne dai bai samu ba.

A falonsa akwai wani firam da ya rataye, babu hoto a ciki. Na karfasarsa ta farko ne. Matarsa ta goge gilashin nan har gefensa ya koɗe.

Da safe zai iso bakin tafkin da bokitin tanar da yake kiwo a bayan gida, da farin tawul, da tabarau. Ya shimfiɗa tawul a kan dutsensa, ya jera tanar a kai, ya fara duba marasa lafiya.

"Wannan ta yi ƙiba, kifi zai yi zargi," in ji shi, ya wurga ta ruwa. "Wannan ramammiya ce, cin mutuncin karfasa ne. Wannan kuwa dubi motsinta. Babu tarbiyya."

Ita ma ruwa.

Fara a wurinsa abincin masu gaggawa ce. Gyare surutu ya yi masa yawa. Gara ta yi ƙanƙanta, ba ta cika ido. Duk wanda ya kawo masa su don neman shawara, zai karɓa, ya yi bayani mai tsawo, ya zuba su a ruwan gabansa don mai su ya ɗauki darasi. Kafin a sami tanar da ta ci jarrabawa, rana ta take, bokiti ya yi rabi, kifayen sun je sun kwanta.

Wata rana na gaji na ce, "Aboki, ka sa kowacce mana."

Ya sauke tabarau. "Kowacce? Haka ka zaɓi matarka?"

Na koma aikina. Ni nake riƙe masa tawul.

A gadon asibiti, muryarsa ta kusa ƙarewa, ya kama hannuna. Na sunkuya, ina zaton wasiyya ce.

"Bokitin," ya ce. "Ganyen shayi da ɓawon ayaba. Kar ka ba su albasa. Saura ƙiris in gano sirrin."

Na ce to. Na fita baranda na yi kukana.

Bayan an share makoki na ɗauki bokitin na tafi dutsensa. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ruwan wurin cike yake da karfasa, manya, masu sheƙi, bakinsu a sama kamar yara a ƙofar kicin. Sun fi mu jin rashinsa. Na tsoma hannu a bokitin ba tare da na duba ba, na ciro wata ramammiya marar tarbiyya. Ƙugiya ba ta gama nutsewa ba sandar fatsar ta lanƙwashe.

Na kai wa matarsa karfasar. Ta ɗaga kifin, ta jinjina nauyinsa.

"A wurinsa ka kama?"

"A wurinsa, Uwargida. Shi ya yi kiwonta."

"To, alhamdu lillahi. Yau dai wahalarsa ta shigo gida."

Ta share ido da bayan hannu, ta nufi kicin. Na ce ko a ɗauki hoton kifin tukuna, a sa a firam, burinsa ya cika.

Ta juyo ta kalli firam ɗin da ke bango.

"Bar shi haka," ta ce. "Duk abin da ya kama yana ciki."