Rasuwar Fartanyar Bahago

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, ni mai lambun bayan gida nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta, musamman masu zuwa aro, rasuwar fartanyata wadda aka fi sani da Karkatacciya. Ta rasu ranar Talata da hantsi, bayan shekara ashirin da shida tana bakin aiki.

Marigayiyar ta fito ne daga maƙerar mahaifina. Ni bahago ne, kuma a duk gidanmu shi kaɗai ne bai taɓa doke mini hannu don in koma dama ba. Da ya ga ina sare shuka tare da ciyawa bai yi faɗa ba. Ƙarfe ya mayar wuta, ya karkata bakinta daidai da hannuna. Tun daga ranar take ratsa tsakanin karas ta ɗauko ciyawar ƙiriƙiri da saiwarta, ba ta taɓa ƙwarzane ɗan kowa ba. Ba ta shan mai, ba ta neman caji. Muryarta ƙyas-ƙyas ce a busasshiyar ƙasa, idan ta ci karo da dutse ta ce ƙyal sau ɗaya ta wuce, ba ta riƙe abu a rai.

Ba ta yi jinya ba, gyara ne ajalinta. Mijin ƙanwata, wanda tattasai uku a tsohon bokiti suka mayar da shi masanin noma, ya are ta ba na nan. Ya gan ta a karkace, sai tausayina ya kama shi. Ya ɗora ta a kan dakali ya bi ta da guduma har ta tsage, sannan ya kai wa mai walda ya ɗinke ta da tabo mai kaurin ɗan yatsa. Ya kawo mini ita a naɗe cikin jarida, yana murmushi.

"Yaya, shekara nawa kana wahala da wannan abu? Ga ta, na miƙe maka."

Na yi masa godiya, don ƙanwata tana tsaye. Saran farko ta tafi da latas huɗu, a na biyu ta rabu a kan ɗinkin. Na zauna a bakin fangali na yi kuka, kuma ba na jin kunyar faɗa, domin hannun da ya karkata ta ya shekara tara a kabari.

Ta bar ƙotarta, wadda tafin hannuna ya cinye wa gefe guda. Ta bar manjagara mai haƙori biyar, da shebur da yake gidan tela tun bara, aka ce gobe za a dawo da shi. Akwai kuma marayu, fangali shida, waɗanda ciyawa ta riga kowa zuwa yi musu ta'aziyya.

Za a binne ƙarfen gobe da safe a gindin lemon tsami. Ƙotar kam ina riƙe da abata. Zaman makoki a lambu ne, a tsugune, babu kujera, kuma kowa zai tafi da ciyawar da ya cira. An ware wa mijin ƙanwata fangalin karas shi kaɗai. Ana roƙonsa kada ya zo da guduma. Idan kuma ya ga wani abu a karkace a gidan nan, har da mai gidan, ya bar shi yadda ya same shi.