Jan Zare a Cikin Miya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ciyar da malamarmu irin waken Kaka.

A saman rufin gidanmu na unguwar Waziriyya Kaka ke shuka wake mai hawa igiya, cikin tsofaffin gwangwanaye. Daga Katsina ta taho da irin, ƙulle a bakin zane, shekarar da ta zo hajji ta zauna. Ruwan alwalarta take tara masa, don a Jidda ruwa saye ake yi.

Wata Alhamis Abla Zainab, malamar ajinmu, ta zo gaishe mu. Kaka tana barcin rana. Umma ta miƙo min kwano: "Yalla, hau ki tsinko wake, masu kyau fa."

Na hau, na ga wasu manyan kwasfa, kowace ɗaure da jan zare. Ni mai lura (haka ake yabona a aji) na ce ai masu kyaun ne Kaka ta yi wa alama. Na tsinke su kaf, na yayyanka da kaina.

Da aka zauna cin abinci, Abla ta yi ta tauna, tana zaro jijiya daga haƙori a ɓoye. "Masha Allah," ta ce, "yana da ƙarfi." Sai Kaka ta sa hannu a miya, ta ɗago jan zare.

"Wa ya hau sama?"

Na sunkuyar da kai.

"Mai zare ai iri ne, 'yar nan. Barinsa ake yi ya bushe." Ta ture kwanon a hankali. "Khalas, shi ke nan, an cinye Katsina."

Gara a ce dukana ta yi. Na tashi, na ɗauko gwangwanin fensirina, na zazzage shi gaban kowa. Ƙwayar wake bakwai, masu ɗigon baƙi. Tun lokacin shuka na sace su daga ƙunshinta, don kawai sun yi min kyau.

Kaka ta ciji ɗaya ta ji taurinta, ta dube ni.

"Ashe har ɓarauniya gare mu a gidan. Allah ya yi miki albarka."

Abla ta yi dariya har ta ƙware. Da aka shuka su, biyar suka tsiro.

Tun ranar, in na ga an ɗaure wa abu zare, tambaya nake yi. Satar kuwa na tuba, ko da yake Kaka cewa ta yi kada in yi gaggawa.