Ranar da Kaza Ta Gane Manaja Pan

Duk birnin Hsinchu babu kamar Manaja Pan Kuo-tung, Sarkin Haske, wanda rana ke neman izininsa kafin ta fito. Shi ke mulkin ɗakin da na tsufa a ciki, inda muke jera 'yan mitsi-mitsin fitilun allon talabijin, miliyoyi a allo guda, kowace ba ta kai ƙwayar gari ba. Ƙura ɗaya ta sauka, fitila ta mutu, allo ya yi baƙin ɗigo, mai saye ya juya baya.

"Numfashinku ma datti ne," gaisuwarsa ke nan kowace safiya. "Ni kaɗai na san tsabta a ƙasar nan."

A walimar ƙarshen shekara, duk wanda bakin dafaffiyar kaza ya kalla ya san an sallame shi. Pan ke juya farantin. Bara a kan abokiyar aikinmu Shu-fen ya tsaida shi, laifinta atishawa.

Abu ɗaya ke ci masa tuwo a ƙwarya: farar rigar aiki mai rufe mutum ruf, sai idanu. A cikinta manaja da lebura duk ɗaya. Da masu saye suka zo daga Japan, suka rusuna wa kowa daidai wa daida, har da shi.

Ina! Sarki ya yaye ƙyallen baki, ya tuɓe hula, ya tsaya, ya sunkuyo kan allon da ba mu rufe ba tukuna.

"Ku dubi fuskar nan da kyau! Ita za ta haskaka duniya!"

Yawu na tartsatsi, amosani na zuba. Muka rufe allon haka nan. Wa zai ce wa zaki bakinsa na wari?

A walimar bana aka kunna allon gaban baƙi masu saye da mai kamfani, Madam Liao. Hoton gwaji, ba sai na faɗa ba, fuskarsa ce. Ta fito tangaran, cike da baƙaƙen ɗigo kamar mai ƙyanda. Baƙi suka miƙe, ciniki ya bi su.

"Wani ƙazami ya yi mana zagon ƙasa!" in ji Pan. "Yau zai ga bakin kaza!" Ya kai hannu ga faranti.

"Huta, Manaja," in ji Madam Liao. "Ka sha jawabi."

Ta juya farantin da kanta.

Kaza ta zuba masa ido. Ita kam ba sai da aka gabatar mata da shi ba.