Sunan da Ban Sa Ba

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na shiga gidan Malam Bukar a unguwar Ngojin ina ɗaga takarda sama kamar wanda ya ciyo kofi.

A ƙarshen shekarun casa'in ne. Na dawo Potiskum bayan yawon aiki a Khartum da Jidda da Jamus, kaina ya kumbura. Malam Bukar kuwa malamin lissafi ne, ɗan asalin Barno, bai taɓa wuce Kano ba. Mu biyu muka haɗa wani ƙunshin manhaja mai mayar da kwanan watan Miladiyya zuwa na Hijira, wanda duk mai rubuta manhaja zai iya ɗauka ya jona a tasa. (Na ce "mu biyu", amma shi ya yi lissafin kaf a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Nawa bugawa ce kawai.)

A Jamus na ga yadda ake yi. Akwai manhajar da ke harhaɗa aikin, ta liƙa masa lamba da sunan marubuci, sannan a tura shi rumbun da kowa ke ɗiba. Dokar wannan rumbun ɗaya ce: abin da ya shiga ba a goge shi, ba a gyara shi, sai dai ka turo sabuwar fitowa.

Na ɗauki faifan da aikin ke ciki na tafi Kano, inda ake samun layin intanet. A gurbin marubuci sunana ne kaɗai tun lokacin gwaji, har da Alhaji da Injiniya. Na gani fa, ba zan yi muku ƙarya ba. Layi yana ta yankewa, na ce a raina a gyara a fitowa ta biyu, na tura shi haka.

Da na dawo da takardar rumbun da na bugo, na tarar da Malam kwance, ciwo ya ci jikinsa, ƙannensa na zaune gefe.

"Malam, aikinmu ya shiga duniya!"

Ya sa tabarau, ya bi takardar rumbun da yatsa layi-layi har ƙasa. Sai ya juya bayanta. Fara fat.

"Alhaji, ko injin Turawan ne bai iya rubuta Bukar ba?" Ya yi murmushi. "Bari dai. Lissafin ya fita daidai?"

"Daidai, Malam."

"To, alhamdu lillahi."

Ƙannen suka sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Na rantse masa zan koma Kano in tura sabuwar fitowa da sunansa. Ina ta "sati mai zuwa" har muka kai shi makwancinsa. Fitowa ta biyu ta shiga rumbu da sunansa a sama, amma da "marigayi" a gabansa.

Yanzu ko katin suna zan buga, sai na fara rubuta sunan wani kafin nawa. Jikokina suna cewa Baba akwai tawali'u. Ina ƙyale su. Kunya ce ta tsufa tare da ni.