Furen Kuɓewa a Takanamat

Ba zan taɓa mantawa da daminar nan ta farkon 'yancin kai ba, ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, ina neman auren Ramatu a Takanamat. Lokacin ina karatu a Yamai na taɓa ganin wani Bature ya miƙa wa matarsa damin furanni, ta yi ta murna kamar an ba ta saniya. Na adana abin a raina a matsayin ilimi.

Da hutu ya zo na tafi garinsu. Da hantsi, a bayan gari, na ga wani lambu mai shingen ƙaya, kuɓewa da kabewa sun yi fure rawaya gwanin kyau. Na tsallaka na tsinke su tas (ni ne fa mai zana wa yara a allo yadda fure ke zama ɗa), na ɗaure da zaren kaba.

Ramatu ta same ni a zaure, na miƙa mata da hannu biyu. Ta juya damin, ta shinshina, ta kira ni yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci.

"Mushe, maganin mi ne?"

"Kyauta ce. Haka ake yi a Faransa."

"Ci ake?"

Ina cikin bayani sai ga mahaifiyarta, Inna Gado, da fartanya a kafaɗa, tana gaya wa maƙwabciya cewa akuya ta shiga lambunta ta cinye miyar gidan. "Amma akuyar ga da takalmin boko ta shiga," in ji ta, "na ga sawu."

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta dubi abin da ke hannun ɗiyarta, ta dubi takalmina, wanda laka ba ta ko bushe a kai ba. Da yake mace ce mai kunyar suruki, sai ta juya ga Ramatu maimakon ni. Ta ce mata:

"Tambayi baƙonki, can Faransa da mi suke miya?"

Auren dai an yi, bayan kawuna ya sha zarya, gwaggona kuma ta cusa ƙwaryar busasshiyar kuɓewa cikin kayan lefe. Kuɓewar Inna ta sake fure tun a makon da na yi ɓarnar. Ni kuwa har jikokina sun san ana ce mini Akuya Mai Takalmi a Takanamat.

Abin da na koya bai da yawa: kafin ka yi wa yarinya bajinta, tambayi inda uwarta ke noma.