Motar da Tagoginta Ke Dama

A wani gari da ake kira Birnin Sai-Godiya, baƙo ba ya yawo da idonsa yadda ya ga dama. Doka ce tun zamanin Sarki Ƙaddamau na Ɗaya, kakan wannan na Ukun da ke kan gado: duk wanda ya ƙetaro kogi daga wata ƙasa, ranarsa ta farko ta gwamnati ce. Hukumar Kula da Idon Baƙo za ta sa shi a mota, ta zaga da shi, ta nuna masa abin da ya kamata ya gani. Kada wani ya fara gyara zama yana hararata. Garin nan ko a taswira babu shi, ni ma labari aka ba ni.

To, wata Talata da hantsi sai ga Malam Ilu Tela ya sauka daga kwalekwale. Mutumin Da-Sauƙi ne, garin da ke can tsallaken kogi, kuma ba yawon buɗe ido ne ya kawo shi ba. Mahaifiyarsa, Iya Tasalla, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ta fara cin na biyun. Makon jiya aka same ta a tsakar gida tana gaisawa da turmi, har tana tambayarsa yara. Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi, amma Ilu ya koma shago ya kasa zura zare a allura. Matafiya sun sha ba shi labarin Asibitin Ido na Ƙaddamau, inda suka ce akwai injin da ke kankare yana kafin mutum ya gama salati. Shi ya sa ya zo ya gani, ya tambaya, ya koma ya ɗauko tsohuwa kafin ɗaya idon ya tafi.

"Asibitin ido nake nema," ya ce wa jami'in bakin iyaka.

Jami'in ya buga masa hatimi ko ɗago kai bai yi ba. "Zango na uku. Shiga mota."

Motar doguwa ce, sabuwa dal, sai ƙamshi. Tagoginta duka a gefen dama suke. Gefen hagu an toshe shi da langa-langa, an zana furanni da wani rafi mai agwagi. Ilu ya ɗan yi turus, sannan ya ce a ransa ai mutanen ƙasar waje ba sa yin abu a banza. Ya zauna kusa da wani Alhaji mai tumbi, wanda tun kafin a tayar da mota ya fara ɗaukar hoto da waya yana cewa masha Allah.

Jagorar tafiyar wata mata ce mai fara'a, Malama Lantana, da 'yar lasifikarta a hannu.

"Baƙinmu, sannunku da zuwa Sai-Godiya! Idan kuka dubi dama..."

Kuma wallahi akwai abin dubawa. Gidaje sun sha fenti, itatuwa an yi musu aski, fitilun titi na ci da rana tsaka don kada baƙo ya yi zaton babu wuta. Sai dai motar a karkace take tafiya, domin rabin titin na dama kawai aka zuba wa kwalta. Ƙafafun hagu na faɗawa rami suna fita, kan Alhaji na dukan kafaɗar Ilu. Jifa-jifa wani wari irin na tsohuwar kwata ya kan ɓullo ta ƙarƙashin agwagin nan, sai Lantana ta fesa turare ta ƙara sautin kiɗa.

"Malama, me ke wannan gefen?" in ji Ilu.

"Hagu kenan, Malam."

"Na san hagu ne. Me ke cikinsa?"

"Ana kan aiki," ta ce da murmushi.

Direban ma ba ya juyawa hagu. Idan hanya ta bukaci haka, sai ya yi kwana uku ta dama ya fito inda yake so. Saboda haka wani mutum-mutumin Sarki riƙe da almakashi sai da suka wuce shi sau huɗu, Alhaji kuma ya ɗauke shi hoto duk sau huɗun, yana mamakin yawansu.

Zango na farko Majalisar Haka-Ne ce. Sun tarar ana tsakiyar muhawara mai zafi kan kalar fentin da za a yi wa gefen dama bana. Shugaban majalisa ya ce shuɗi, duka suka ce haka ne. Ya yi tari ya ce a'a, kore, suka ce ai haka ne ma ya fi. Wani tsoho a layin baya, wai shi ne ɗan adawa, ya miƙe a fusace ya ce shi tun jiya ya ce haka ne amma ba a rubuta ba. Aka ba shi haƙuri.

Ilu ya matso kusa da jagora. "Malama, asibitin fa?"

"Saura kasuwa, Malam. Ka kwantar da hankalinka."

Kasuwar Gani-Ya-Isa kuwa, tabɗi! Buhunan shinkafa har rufi, jarkokin mai jere reras, tumatir jajawur ko ƙuda ɗaya babu. Alhaji ya yi sha'awar tumatirin ya ɗauki ɗaya ya latsa, sai ya ji katako ne. Mai rumfar ya karɓe abinsa cikin ladabi, ya goge da gefen riga, ya ce ba na ci ba ne, na gani ne, kuma shekararsa bakwai yana kula da shi bai taɓa ruɓewa ba. Alhaji ya ce kai, wannan shi ne ci gaba. Ilu dai ya koma mota.

Ana kiran azahar suka isa asibitin. Da Ilu ya ga ginin sai ya ji sanyi a ransa, har ya yi hamdala a fili. Bene ne hawa biyar, ƙasa na sheƙi kamar an lashe. Gadaje farare tas, a kan kowanne akwai majinyaci mai ƙiba da annuri, yana ɗaga wa baƙi hannu.

"Ikon Allah! Duk an yi musu aikin ne?" Ilu ya tambaya.

"Ma'aikata ne," in ji Lantana. "Sai an tantance lafiyar mutum kafin a ɗauke shi majinyaci. Bara wani ya kamu da zazzaɓi a kan gado, dole aka sallame shi."

"Aka kai shi ina?"

"Hagu."

Daga nan aka shiga da su ɗakin injin. Yana nan kuwa, ƙato, a cikin ledarsa, an zagaye shi da jan ƙyalle. Lantana ta yi bayani da alfahari cewa Mai Martaba da kansa yake zuwa ya ƙaddamar da shi duk shekara. Alhaji na hoto, shi kuwa Ilu idon tela gare shi. Ya sunkuya ya bi ƙyallen da yatsa, ya ƙirga wuri tara da aka yanke aka sake ɗinkewa. Ko wayar injin ba a kwance daga ƙullin kamfani ba.

Babban likita na tsaye a gefe, ya ba baƙi kafaɗarsa ta dama. Ilu ya zagaya ta bayansa. Farar rigar, gefen dama an yi mata ɗinki mai kyau har da aljihu da biro uku. Gefen hagu ko hannu ba a sa mata ba, an dai kakkama da allurai.

"Likita, ranka ya daɗe, mahaifiyata ce yana ta rufe wa ido. Idan na kawo ta jibi, za a duba ta?"

"Barka da zuwa asibitin da babu irinsa," in ji likita, yana kallon bango.

"Na ji. Tsohuwa ce, ido ɗaya ya rage mata."

Likita ya waiga dama, ya waiga dama kuma, sannan ya rage murya. "Bawan Allah, ka rufa mini asiri. Ni ɗan kamasho ne a tasha, tsayi kawai aka duba aka ɗauke ni."

Ilu ya fita ya zauna a kan matakala. Ga baƙin ciki, ga kunya, domin da bakinsa ya ce wa Iya ta haɗa kayanta. Ya rasa da wace fuska zai shiga gida, ko da yake fuskar ma ba sosai take ganinta ba yanzu.

Lantana ta biyo shi, ta kashe lasifika, ta tsuguna nesa kaɗan. Fara'ar aikin ta sauka daga fuskarta.

"Malam, ka yi haƙuri. Mu nan kowa ya san na gani ne. Amma ni abin da ya ɗaure mini kai, kai da ka fito daga Da-Sauƙi, me ya kawo ka? Ku da kuke da asibitin ido na gaske!"

Ilu ya ɗago. "Mu?"

"Mai koriyar ƙofa mana. Bara na je garinku, aka zaga da mu a mota, na gani da idona. Ku ba ku da ɓoye-ɓoye irin namu, motarku ma tagoginta a hagu suke. Babana shekara biyu kenan ba ya ganin ko tafin hannunsa. Yau da asuba yayana ya ƙetara da shi." Ta matso, idonta ya kawo ruwa amma tana murmushi. "Don Allah, kai ɗan gari ne. Suna karɓar baƙo a ranar, ko sai ya kwana?"

Direba ya danna hon, Alhaji ya leƙo ta taga yana cewa a yi sauri, an ce saura gidan ruwa.

"Malama," Ilu ya ce a hankali, "likitocin namu da kika gani, rigunansu sun zauna musu?"

"Ɗas! Kamar a jikinsu aka halicce su."

"Na gode. Ni na ɗinka." Ya miƙe ya kaɗe rigarsa. "Gefen hagu kawai aka ce in gama."